BANKI YA SALLAME KA: WANE KARATU ZA KA KOMA?

Wataƙila wani ya yi mamakin ganin maganar ma'aikatan banki a cikin mujallar da aka yi domin ɗalibai. To, amma duk wanda ya lura da azuzuwan yamma da na ƙarshen mako a jami'o'inmu, ya san akwai dattawa a cikinsu, masu farar riga da takalmi mai ƙyalli, waɗanda jiya su ne ke bayan kanta suna ƙidaya kuɗin jama'a, yau kuwa ga su a kan benci suna kwafar darasi. Da yawa daga cikinmu kuma kuɗin makarantarmu daga aljihun wani yaya ko kawu da ke aikin banki yake fitowa. Bugu da ƙari, rabin masu karatun akanta da tattalin arziki, in ka tambaye su burinsu, banki za su ce maka. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka wannan magana tamu ce.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: babban haɗarin da ke gaban mutumin da banki ya sallama yana zuwa ne a watannin farko, lokacin da kuɗin sallama ke hannunsa, zuciyarsa kuma tana cike da tsoro da kunya. A wannan lokaci ne yakan sayi karatun da ba zai amfane shi ba, domin kawai a ce yana yin wani abu. Karatun sake sana'a kuwa jari ne, kuma wajibi ne a auna shi da irin ma'aunin da shi kansa ma'aikacin yake auna mai neman rance da shi a lokacin da yake kan kujera.

Kafin in shiga bayani, ya kamata mu tuna cewa sallamar ma'aikata a bankunan Nijeriya ba baƙon abu ba ne. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki na wancan lokaci, Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25. A cikin wannan guguwa ce Bank of the North, mai hedikwata a Kano, wanda iyayenmu suka ɗauka kamar dutse ne ba ya motsi, ya narke tare da wasu bankuna takwas aka sami Unity Bank. Duk inda bankuna biyu suka haɗe kuwa, ba a bukatar manajoji biyu a reshe ɗaya. A watan Agusta na 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka shiga gyaran da ya ci ayyukan mutane masu yawa. A 2016, da tattalin arziki ya karye, sallamar ta yi yawa har Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya fito ya ce a dakata. A watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, sai da Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka sa baki aka tsayar da korar. A watan Yuni na 2024 aka soke lasisin Heritage Bank. A watan Maris na wannan shekara ta 2024 kuma Babban Banki ya sake ɗaga jarin da ake bukata, har ya kai naira miliyan dubu 500 ga bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje. Wanda ya dubi waɗannan shekaru zai ga da wuya a yi shekara biyar ko shida ba a girgiza bishiyar ba.

Akwai kuma wata sallama da ba ta da rana, ba ta da sanarwa. Ita ce wadda na'ura take yi. Tun da Babban Banki ya fito da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, aikin da kashiya yake yi a cikin ɗaki mai sanyi ya koma hannun yaro mai na'urar POS a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi aika kuɗi ta waya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna cewa kimanin huɗu daga cikin kowane ma'aikatan banki goma 'yan kwantiragi ne, waɗanda ana iya cewa su tafi ba tare da wani dogon zance ba. Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, ya kamata mai zaɓen kwas ya fara sanin abin da ya kore shi. In haɗewar bankuna ce, to sana'arsa tana nan da rai, wurin yinta ne ya ragu. In kuwa na'ura ce ta karɓe aikin, to ƙara karatu a kan wannan aiki zuba ruwa ne a rariya.

Dokar ƙasa ba ta tanadar wa wanda aka sallama karatu ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce mai aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata, ya bi ƙa'idar wanda ya shigo daga baya shi zai fara fita, tare da duba cancanta, ya kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Ba ta ce komai ba game da horar da mutum wata sana'a, kuma ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Abin da ya rage wa mutum shi ne kuɗin sallamarsa, in ya samu, da kuma damar da Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, cewa in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. Wato ke nan kuɗin da zai biya kwas da su, abincin 'ya'yansa ne na bana, ko kuwa abincin tsufansa. Kuɗi irin waɗannan ba a caca da su.

To, wace hanya mutane suka fi bi? Ta farko ita ce ta babban digiri na harkokin kasuwanci, wanda ake kira MBA. Yana da daɗin faɗa a gaban surukai, kuma ba na musun cewa akwai ilmi a cikinsa. Amma digiri ne na kowa da kowa, wanda ya fi amfanar mai aiki a hannu da ke neman ƙarin girma. Mutumin da yake waje, in ya gama, sai ya tarar da layin masu irinsa ya kai bakin titi, ga shi kuma tallan aikin banki na sabon shiga yakan sa iyakar shekarun da ya daɗe da wucewa. Hanya ta biyu ita ce ta yayi. An ce kwamfuta ce duniyar gobe, sai magidanci mai shekara 45, wanda bai taɓa sha'awar abin ba, ya biya kuɗin kwas na wata uku domin ya koyi rubuta manhaja, ya fito ya yi takara da samarin da suka shekara biyar suna kwana a kan abin. Hanya ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ta takardar banza. Ba mu manta ba a watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya sami digiri daga Kwatano a cikin mako shida. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusa da wannan akwai masu kwasa-kwasan koyar da cinikin kuɗin waje da kuɗin intanet, waɗanda ke alkawarin riɓa a mako guda. Wanda ya ga yadda MMM ta rushe a ƙarshen 2016, da yadda CBEX ta tafi da dukiyar mutane a 2025, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi.

A ganina akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba mutum ya amsa da alƙalami da takarda kafin ya biya ko kwabo.

Ta farko: me na riga na iya? Sau da yawa ma'aikacin banki yakan raina abin da ke hannunsa, domin ya saba ganinsa kullum. Wanda ya shekara goma a sashen ba da rance ya san karanta littafin cinikin ɗan kasuwa, ya san bambancin riba da kuɗin da ke shiga aljihu, ya san alamun mai niyyar cin bashi. Wanda ya zauna a sashen bincike ya san inda ɓarawon biro yake ɓoye sawunsa. Wanda ya yi aikin kuɗin waje ya san takardun shigo da kaya da fitar da su. Wannan ilmi ba a koyar da shi a aji, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Kwas mai kyau shi ne wanda zai ɗora ɗaki a kan wannan harsashi, ya ba mutum shaidar da za ta sa wanda bai san shi ba ya yarda da abin da ya iya.

Ta biyu: wa zai biya ni saboda wannan karatu? Wannan tambaya tana son suna, ba ta son “ai ana nema.” Mutum ya rubuta sunayen ma'aikatu ko 'yan kasuwa biyar a garin da yake zaune waɗanda ke ɗaukar mai irin wannan takarda. Ya je ya sami mutum uku da suka gama kwas ɗin shekara biyu da suka wuce, ya tambaye su inda suke yau. Makarantar da ba za ta iya nuna maka tsofaffin ɗalibanta ba, ta riga ta ba ka amsa.

Ta uku: wa ya san da zaman wannan takarda? Digiri sai wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shi. Difloma ta kwalejin fasaha sai wadda hukumar ilmin fasaha da ke Kaduna, wato NBTE, ta tantance. Takardun ƙwararru kuwa suna da cibiyoyin da doka ta kafa: ICAN ta akantoci tun 1965, da ANAN mai kwalejinta a Jos, da CITN ta masana haraji, da CIBN ta ma'aikatan banki. Tafiya ɗaya zuwa ofishinsu, ko duba shafinsu na intanet, ta isa ta raba mutum da asarar shekara.

Ta huɗu: kuɗina za su kai ni ƙarshen karatun? Alal misali, a ce mutum ya fito da naira miliyan 3, gidansa kuma yana cin naira dubu 250 a wata. In bai taɓa komai ba, yana da wata 12. In ya biya miliyan 1 kuɗin kwas, saura wata 8. In kwas ɗin na wata 18 ne, to akwai wata 10 da ba a san abin da za a ci ba, kuma a nan ne akan sayar da fili, a ci bashi, a bar karatun a tsakiya. Duk ma'aikacin banki ya san wannan lissafi, ya sha hana mutane rance saboda shi. Abin mamaki shi ne yadda yakan manta da shi ranar da ya zama nasa. Saboda haka na fi ganin hikimar karatun da ake yi mataki-mataki, a biya kuɗin kowane mataki dabam, kamar jarrabawar cibiyoyin ƙwararru ko karatun Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, domin mutum ya riƙa neman na cefane da rana yana karatu da dare.

In an bi waɗannan tambayoyi, wasu fannoni sukan fito fili, musamman a nan Arewa. Akwai harkar kuɗi marar ruwa. Jaiz Bank ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus Bank a 2021, ga kamfanonin takaful, ga sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017 da naira miliyan dubu 100 domin gina hanyoyi. Wannan fanni yana neman mutumin da ya san aikin banki ya kuma san hukuncin murabaha da ijara da mudaraba, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman mai koyar da shi. Wanda ya yi karatun allo da na littattafai a gida, sannan ya shekara goma a banki, ya riga ya ci rabin hanya. Akwai aikin bin ƙa'ida da hana halatta kuɗin haram, wanda dokar 2022 ta ƙara tsanantawa, kuma ba bankuna kaɗai ke bukatarsa ba, har da sababbin kamfanonin aika kuɗi ta waya. Akwai haraji, ganin cewa an sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yuni na 2025, kuma ɗan kasuwa yana bukatar wanda zai fassara masa su. Akwai ƙungiyoyin gama kai, da kuma ƙananan bankunan talakawa waɗanda CIBN take da jarrabawa ta musamman dominsu. Ita kanta kwamfutar ba na cewa a guje ta. Ma'aikacin da ya koyi tace alƙaluma da gano zamba ta na'ura ya ƙara wa gatarinsa kaifi ne, kuma a wannan fage saurayi ba zai kayar da shi da sauƙi ba, domin shi ya san abin da alƙaluman suke nufi.

Na san wani zai ce: me ya sa za a koma gidan da aka kore ka? Ashe ba gara mutum ya bar harkar takarda gaba ɗaya, ya kama kasuwa ko noma ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Kantin Kwari da Dawanau da Singa sun yi attajiran da ba su taɓa riƙe satifiket ba. Amma waɗannan attajirai sun yi karatu, sai dai ba a aji ba. Sun shekara da shekaru a ƙarƙashin ubangida suna ɗaukar kaya, suna koyon farashi da halin mutane, kafin a ba su jari. Kuskuren ɗan boko shi ne ya ɗauka tun da ya iya lissafi, ya iya kasuwa. Sai ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon kaji ko sayen hatsi, cuta ɗaya ko faɗuwar farashi ɗaya ta share shi. In kasuwa mutum ya zaɓa, to kwas ɗinsa shi ne ya cire girman kai, ya zauna a shagon wanda ya iya na wata shida ko shekara, ya riƙe masa littafi a madadin koyo. Wannan ma cinikin riba ne ga ɓangarorin biyu, domin da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu rashin rubutaccen lissafi ne ke hana su samun rance. Wanda ya san abin da banki yake so ya gani a takarda yana da hajar sayarwa a kowane layi na kasuwa.

Wani kuma zai ce laifin na bankuna ne da gwamnati, don me za a ɗora wa wanda aka zalunta nauyin gyara? Gaskiya ne akwai hakki a kansu, kuma ya kamata a faɗa. Bankin da ke sanar da ribar miliyoyin dubbai a ƙarshen shekara ba zai talauce ba don ya biya wa wanda ya sallama kuɗin kwas na shekara guda. Ƙungiyoyin ma'aikatan banki, ASSBIFI da NUBIFIE, ya kamata su sa wannan a cikin yarjejeniyarsu tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da manyan ma'aikatu ke biya. Ina ganin adalci ne a ware wani abu daga ciki domin waɗanda da guminsu aka tara kuɗin, a ranar da suka fi bukatar horo. Jami'o'inmu su ma su ji tsoron Allah. Bai dace a mai da azuzuwan yamma saniyar tatsa ba, ana karɓar kuɗin mutanen da ke cikin damuwa ba tare da an zauna da su an ba su shawara ba. Kowane sashe ya kamata ya iya faɗa wa mai neman shiga inda waɗanda suka gama a baya suka dosa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai tana da bakin da za ta nemi wannan a gaban hukumar jami'a, kuma ina kira gare ta da ta nema. Sai dai kafin duk waɗannan su tabbata, magidanci yana da haya da kuɗin makarantar yara a gabansa, kuma ba za su jira shi ba. Iya ruwa fid da kai.

Ga mu kuma da ba mu fita ba tukuna. Darasin da ke cikin wannan al'amari shi ne, aikin banki haya ne, ba gidan gado ba. Wanda Allah ya ba shi, ya shiga da godiya, amma tun shekarar farko ya fara jarrabawar ƙwararru alhali albashi yana shigowa, ya kuma riƙe wata sana'a da ba ta dogara da sa hannun manaja ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Waɗannan dattawa da muke haɗuwa da su a ƙofar aji kuwa, mu girmama su, mu taimaka musu da abin da muka fi su sabo da shi na na'ura, mu kuma tambaye su abin da suka gani a bayan kanta, domin ba ya cikin littattafan da ake ba mu. Wanda kuma yake da yaya ko kawu da takardar sallama ta iske, ya kai masa tambayoyin nan huɗu cikin ladabi, tun kuɗin ba su fita daga asusu ba.

Allah ya buɗa wa waɗanda aka sallama ƙofar da ta fi wadda aka rufe alheri, ya ba shugabanninmu ikon duba halin ma'aikata, mu kuma ya sa mu gama karatunmu lafiya. Amin.